Moɗar 'Yardada

Ina tsugune a ƙofar gida da filayar Baffa Fa'izu a hannuna, ina kokawa da sarƙar da aka ɗaure moɗar da ita, sai na ji an ɗora mini muciya a kafaɗa. Ba duka ba ne, ajiye ta kawai aka yi, amma na san hannun da ya ajiye.

"Likita, sata kika koma da sassafe?"

Kakata ce, 'Yardada. Ko waiwayawa ban yi ba na fara yi mata bayanin da na kwana uku ina yi: cutar korona ta shigo ƙasa, ta baki da hanci take bi, moɗa ɗaya kuma ba za ta yi wa bakin mutum ɗari ba. Ta bari na kai aya, sannan ta miƙo hannu na ba ta filayar. Ta ce in wanke moɗar da sabulu sau goma a yini in na ga dama, amma ba inda za ta je.

Gidanmu yana Jakara, a kan lungun da yake ɓullewa kasuwar Kurmi. A gefen ƙofar zaurenmu akwai wata ƙatuwar randa da ake binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, a rufe ta da murfin katako. Daga ranar da zafin bazara ya kama har ranar da ruwan fari ya sauka, randar nan ba ta rabo da ruwan sanyi, duk wanda ƙishi ya kamo a hanya ya tsaya ya sha. Moɗar kuwa ta silba ce, duk ta lotse, an ɗaure ta da siririyar sarƙa a jikin ƙusa. Shekara ashirin da huɗu ke nan ana haka, daidai da shekaruna.

Ni ce Bahijja. Ina aji biyu a makarantar koyon aikin lafiya lokacin da aka rufe makarantu aka koro mu gida. Shi ya sa 'Yardada take kira na Likita, alhali ta san sarai ban taɓa yi wa ɗan Adam allura ba, sai lemon zaƙi da ake ba mu mu koya a jikinsa. In na dame ta da surutu takan ce in je in duba marasa lafiyata a wajen mai lemo.

Baffa Fa'izu, ƙanen mahaifina, shi kuma nasa ilimin daban ne. Maƙerin kwano ne, yana buga mazurari da indararo da kaskon suya a wata rumfa kusa da gida, kuma tun da aka fara maganar cutar ya zama shehin malami a kanta. A cewarsa ciwon mutanen sanyi ne. In ta kuskura ta sauka a Kano a wannan watan, kafin ta fito daga filin jirgi ta gasu. Don ya nuna mana hujja har ƙwai ya fasa a kan fallen kwano da tsakar rana, muka zagaye shi muna kallo ƙwan yana yin fari. Ya dube ni ya ce in abin da ya yi wa ƙwai ke nan, ina ga ƙwayar da ko ganinta ba a yi? Takunkumin da na ɗinka masa kuwa a haɓa yake rataye shi, wai yana tare masa gumi.

Na ɗauka 'Yardada za ta goyi bayansa, tunda maganarsa ta yi wa randarta daɗi. Sai ta kalli ƙwan ta taɓe baki.

"Kai dai ka yi asarar ƙwai. Zafi ba ya kashe cuta. Ni na san abin da zafi yake kashewa."

Baffa ya kankare ƙwan ya ba kyanwa.

Ni ma na san abin da take nufi, ko da yake ba daga bakinta na ji ba. A shekarar sanƙarau, cikin irin wannan zafin, ina da wata biyu a duniya, ciwon ya kama mahaifina Ɗayyabu. Asibiti ya cika, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiya. Ya ce a ba shi ruwa. Famfon wurin babu ko ɗigo, 'Yardada ta ɗauki kwano ta fita nema gida-gida. Da ta dawo da ruwan ta tarar an ja masa mayafi har ka. Ɗanta ne na fari, don haka ko yana raye ba ta faɗin sunansa, bayan ya rasu ma sai dai ta ce "yaron nan". Ba wanda ya ga ta yi kuka a bainar jama'a. Kwana arba'in da rasuwarsa ta aika aka sayo randa.

* * *

Wanda yake cika randar shi ne Gwadabe mai ruwa. Famfon unguwarmu yana nan a bakin lungu, amma rabonsa da kawo ruwa tun ina firamare, yanzu awaki ne suke sosa jiki da shi. Saboda haka kowane gida da mai ruwansa, namu kuma Gwadabe ne, wani dogon dattijo mai wushirya daga wani ƙauye ta wajen Ƙaraye. Kullum bayan asuba za ka ji ƙarar kurarsa tana tahowa da jarkoki goma sha biyu. Ya cika randa, ya jiƙa yashin gindinta, ya leƙa zaure ya ce, "Hajiya mai firji, an tashi lafiya?"

Yana da wata ɗabi'a. Ba ya shan ruwan da safe. Sai ya gama zagayensa gab da magariba ya dawo, ya karkata randar, ya kwalfo abin da ya rage a ƙasa. Wai shi ne ya fi sanyi, kuma shi ne yake da ƙamshin ƙasa. 'Yardada takan ce masa rowa ce kawai, ba ya son ya bar wa ƙadangaru komai. Shekara goma sha tara suna wannan faɗan, ba wanda ya gaji.

Sai aka kulle gari. Mako guda cur ba fita, ba kasuwa, ba jam'i. Lungunmu da ba ya rabo da hayaniyar 'yan dako ya yi tsit, har kukan kurciya muke ji da hantsi. Masu ruwa kaɗai ake ɗaga wa ƙafa. Randa ta riƙa kwana da ruwanta, ni kuma hankalina ya ɗan kwanta. A rediyo kuwa sanarwa ɗaya ake ta maimaitawa, a wanke hannu da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu. Duk lokacin da aka faɗa sai 'Yardada ta ce in leƙa waje in gani ko famfon ya ji.

Ana jibi azumi aka sanar cewa za a buɗe gari na yini ɗaya, kowa ya fita ya yi cefane. Wanda ya tsara wannan, na rantse bai taɓa sayen gishiri a Kurmi ba. Mutanen da aka tsare kwana bakwai don kada su haɗu, aka sake su rana ɗaya, zuwa wuri ɗaya, cikin ranar da ko takalmin roba narkewa yake yi a ƙafa. Tun hantsi lungunmu ya cika ba masaka tsinke. Daga Kabara, daga Zaitawa, daga bayan ganuwa, kowa da buhu a ka, kowa gumi sharkaf, kowa kuma sai ya tsaya a randar 'Yardada.

Na fito da bokiti da sabulu da niyyar in riƙa wanke moɗar tsakanin mai sha da mai sha. Na yi wa mutum shida. Na bakwai ya fizge ta tun daga bakin na shida. Wata mata ta shayar da 'ya'yanta uku da ita, wani tsoho ya yi tari a ciki ya ce Alhamdulillahi ya miƙa wa na bayansa. Sau huɗu Gwadabe yana cika randar a ranar. Haushi ya kama ni har na zauna a dakali ina hawaye, wata baiwar Allah ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, in sha ruwa.

'Yardada kuwa ranar sallarta ce. Tana daga cikin zaure tana amsa addu'o'i, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Gaskiya ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma duk haushina sai da na ji daɗin ganinta haka. Da magariba ta kawo jiki, lungu ya watse, Gwadabe ya zo yana jan ƙafa. Ya karkata randa, ya kwalfo na ƙasa, ya shanye moɗa biyu.

* * *

Ranar takwas ga azumi 'Yardada ta miƙa wa Gwadabe kofin kunun tsamiya ya yi buɗa-baki a dakalinmu, kamar yadda ta saba. Ya kurɓa, ya ɗaga kai ya ce yau Hajiya ta manta da tsamiya. Ita da take alfahari da kununta, nan take ta hau shi da faɗa, ta ce in bakinsa ya tsufa ya faɗa, kada ya ɗora wa kunu. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ni kuwa ban yi dariya ba, don har daga ɗaki nake jiyo ƙamshin tsamiyar nan, kuma na karanta abin da ake nufi in mutum ya daina jin ɗanɗano.

Na ce ya zauna a ɗakinsa kada ya fita. Na kira lambar da ake sanarwa a rediyo har cajin wayata ya ƙare, ba a ɗauka ba. Kwana biyu ba mu ji ƙarar kura ba. A na uku abokan sana'arsa suka turo kurar har zaurenmu, suka ce jiki ya yi tsanani, ya ce a mai da shi gida. Hanyoyi a rufe suke, sai a bayan motar kayan gwari suka samu aka saka shi. Ya ce a ajiye masa kurarsa a wajen Hajiya. Ba shi da waya, su ma ba su san ta kowa ba a ƙauyen.

A makon nan makara ta riƙa wucewa ta bakin lungunmu fiye da yadda muka saba gani, yawanci dattawa. Wasu suka ce zafi ne, wasu suka ce zazzaɓi, ba wanda aka gwada balle a sani. Baffa bai ƙara fasa ƙwai ba. Wata safiya na gan shi ya ja takunkuminsa daga haɓa ya rufe hanci, na yi kamar ban gani ba.

Bayan mun sha ruwa ran nan, 'Yardada ta ture kwanon abincinta ta kira ni, ba da tsokana ba.

"Bahijja, gaya mini gaskiya. Moɗar ce?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiyata ke nan. Gwadabe yana shiga gida hamsin a yini, yana cuɗanya da jama'a a bakin burtsatse, ta ko'ina zai iya ɗauka.

"Amma tana iya zama ita?"

"Tana iyawa."

Washegari da safe na fito na sami 'Yardada a tsugune a inda ta kama ni, da filayar nan a hannunta. Ba ta da ƙarfin ɓalle sarƙar, sai da na kama mata. Ta riƙe moɗar a ƙirji ta daɗe. Na ce to bari in kira Baffa mu shigar da randar ciki, a bari sai baɗi. Ta girgiza kai.

"Ɗayyabu ruwa ya roƙa," ta ce. "Ba moɗa ya roƙa ba. Ku nemo mini yadda zan ba mutane ruwa."

Tunda nake ban taɓa jin sunan mahaifina a bakinta ba sai ranar. Baffa da yake tsaye a bakin ƙofa ya juya ya shiga rumfarsa, ba a jima ba muka ji yana buga kwano.

* * *

Abin da ya ƙero indararo ne, irin wanda ake sa wa soro don zubar da ruwan sama, sai dai ya fi tsawo, bakinsa kuma tsukakke. A bangon zaurenmu akwai wata 'yar taga da ko kan mutum ba ya shiga. Ta nan ya zuro shi waje, ya yi masa mazurari daga ciki. Muka shigar da randa zaure, muka ajiye wa 'Yardada kujera 'yar tsugunno a gefenta. Moɗar kuma na tafasa ta, ta zama abin zubawa, ba bakin da zai ƙara taɓa ta. A jikin ƙusar waje, a sarƙar nan dai, muka rataye sabulu cikin 'yar raga.

Baffa ne ya fita gwaji. Ya tsaya yana leƙen bakin indararon yana tambaya ko an shirya, 'Yardada ta kwarara moɗa guda, ruwan ya same shi a ido. Ya yi tsalle baya yana cewa za a karya masa azumi da gangan. Dariyar da ta yi sai da ta riƙe ciki, ni ma na zauna a ƙasa. Rabon gidanmu da dariya tun tafiyar Gwadabe.

Saura mai kawo ruwa. Masu ruwa sun yi ƙaranci, da yawa sun gudu gida. Ni da Baffa muka fito da kurar Gwadabe. Wanda bai taɓa tura kura da jarka goma sha biyu ba, kada ya ƙara raina mai ruwa. Ranar farko ta ƙwace mana a gangaren lungu, ta tafi ita kaɗai, Baffa yana bin ta yana yi mata magana kamar jaka, har ta je ta kafa ƙafa ɗaya a kwata. Matan maƙwabta da suka leƙo suka sha dariya, amma washegari kowacce ta aiko da jarka guda daga abin da ta samu, suka ce a sa su a ladan.

Lokacin an koma buɗe gari kwana biyu a mako. Da rana masu azumi sukan tsaya su wanke hannu da fuska, da magariba kuma waɗanda dare ya kusa yi musu a hanya su tara tafin hannu su yi buɗa-baki. Da farko mutane sun yi ta gunaguni, wani ma ya ce an mai da su tumaki. Amma ƙishi bai bar su sun yi zuciya ba. Kafin sati biyu duk Jakara ta san Famfon 'Yardada, har kwatance ake yi da shi.

Ita kuwa ta samu sarauta. Ba ta ganin kowa, ba a ganinta, sai murya daga bayan bango. Kafin ta zuba ruwan sha sai ta ji ƙarar sabulu. "Ɗan gidan wane ne? Cuɗa dai, ban ji kumfa ba. Har tsakanin yatsu, haka Likita ta ce." Manyan 'yan kasuwa da babbar riga sukan tsaya suna cuɗa hannu kamar yaran makaranta, suna ce mata an gama, Hajiya. In kuma ta ji harshen mutum ya yi kama da na ƙauye, sai ta rage murya ta tambaye shi ko daga wajen Ƙaraye yake, ko ya san wani Gwadabe mai ruwa, dogo, mai wushirya. Ba wanda ya san shi.

Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba. In yamma ta yi ruwa ya koma ƙasan randa, sai ta ce an tashi. Ko mutum nawa ne a waje, sai dai in kawo musu daga tulun cikin gida. Na ƙasan nan yakan kwana a rufe, da safe ta sa in juye wa bishiyar zogale in wanke randar. Ban taɓa tambayarta dalili ba, don na sani.

Ana saura kwana biyar salla wasu mutane suka zo da mota, sanye da riguna masu tambari, suka ce daga wani kwamiti suke. Suka sauke wani shuɗin bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindinsa, suka ɗora shi a kan ƙarfe daidai gefen mataccen famfon unguwa. Mai ɗaukar hoto ya gyara tsayuwa, shugabansu ya naɗe hannun riga, sai a lokacin aka tuna ba a zo da ruwa ba. Aka yi ta kallon-kallo. Daga ƙarshe wani daga cikinsu ya tako har bakin indararonmu ya yi sallama.

'Yardada ta sa shi ya wanke hannu tukuna, har sau biyu, wai na farko bai yi kumfa ba. Sannan ta ce in ba su jarka ɗaya. Suka juye a bokiti, shugaba ya wanke hannu yana murmushi, aka ɗauki hoto, aka ja wa jama'a kunne a kan tsafta, mota ta tashi. Kafin la'asar ruwan ya ƙare. Ba wanda ya ƙara zuwa ya duba shi.

* * *

Aka yi salla, zafi bai sauka ba, sai ma ya ƙara nauyi, irin na gab da damina da iska take tsayawa cak. An ƙara ranakun fita, masu sha suka ƙaru. Hannun 'Yardada ya fara ciwo, na ce ta bar mini, ta ce in bari sai na iya yi wa mutum allura. Baffa kuma ya fito da sabon ilimi, wai ruwan fari yana sauka zai wanke cutar ya kai ta kwata. Wannan karon ta cikin takunkumi ya faɗa, don haka na ƙyale shi.

Wata Laraba da la'asar gabas ta yi baƙi. Iska mai sanyi ta taso, 'yan kasuwa suka fara gudu gida, yara suna tsalle a lungu suna kiran ruwa. 'Yardada ta leƙa randa ta ga ruwan cikinta ya koma ƙasa, ta ce an tashi, bana kuma an gama. Muryarta da daɗi. Ta kai bazara ƙarshe, ba wanda ya wuce ƙofarta da ƙishi.

Tana shirin rufe murfi aka yi sallama a waje. Murfin ya tsaya a hannunta. Muryar Gwadabe ce, har yadda take jan ƙarshen sallamar. Na riga ta leƙawa. Wani dogon mutum ne da bai wuce shekara talatin da biyar ba, da 'yar jaka a kafaɗa. Da ya buɗe baki na ga wushiryar.

Ya ce sunansa Salihu, ɗan Gwadabe ne, ya zo ɗaukar kura. Na faɗa wa 'Yardada, ko da yake ta ji. Ta matso da bakinta kusa da mazurarin ta tambaye shi yaya mai jiki.

"Baba ya rasu, Hajiya. Kwana shida bayan isarsa gida. Hanya ce ba ta buɗe ba sai yanzu."

Ta yi salati a hankali, ta yi masa addu'a, muka amsa. Sannan Salihu ya ce akwai saƙo. Baban ya ce in ya zo ya roƙi Hajiya gafara a kan maganar kunu. Da ya isa gida an dama masa fura, ita ma bai ji ɗanɗanonta ba, sai ya gane bakinsa ne. Ya ce a gaya mata kununta da tsamiya.

Wani sauti ya fito daga bakin 'Yardada, rabi dariya rabi kuka. "Ai na gaya masa," ta ce. "Na gaya masa tun a ranar."

Salihu ya dubi ƙusa da sarƙa da ragar sabulu. Ya ce baban ya kuma ce masa akwai wata moɗa a nan ƙofar, in ya zo kada ya sha na sama, ya bari sai na ƙasan randa. Ko an ɗauke ta ne?

'Yardada ce ta amsa.

"Tana hannuna, ɗan nan. Wanke hannunka ka tara."

Ya cuɗa sabulu, ban ji ta ce bai yi kumfa ba. Ta ce in kama mata, muka karkata randar. Moɗar ta karci ƙasa, ta kwalfo, ta zuba a mazurari a hankali don kada ko ɗigo ya zube. Muna jin shi yana sha. Ta ƙara kwalfo ta biyu, ita ce ta ƙarshe. Ya ce Alhamdulillahi, lallai da sanyi.

Kafin mu fito masa da kurar ruwa ya sauko, manyan ɗigo masu tayar da ƙamshin ƙasa. Baffa ya ce ya tsaya sai ruwan ya ɗauke, Salihu ya ce motar garinsu ba ta jira. Na tsaya a bakin zaure ina kallonsa yana tura ta cikin ruwan, jarkoki goma sha biyu ba komai a ciki suna ta karo da juna. Ya wuce famfon unguwa, ya wuce shuɗin bokitin da ruwa yake ta dukan murfinsa, ya sha kwana.

Da na juyo, 'Yardada ta riga ta kife randar ita kaɗai, kamar yadda take yi duk ranar ruwan fari. Tana zaune a gefenta da moɗar a cinya, tana goge bakin moɗar da gefen zani, ta goge ta sake gogewa.